Dokin da Bai Ji Labarin Canjin Hannu Ba

Talata: Gagarawa Tasha zuwa Gumel

Ƙarfe biyar na asuba Tanko ya buga mini ƙofa da gindin bulala, sai ka ce ɓarawo ya zo kamawa. Muka yi salla, biyar da rabi muka bar Gagarawa Tasha. Da kaka ne, a shekarar da aka yi canjin hannu, wato da motocin ƙasar nan suka bar bin hagu suka koma dama. A lokacin ni akawun awon gyaɗa ne a tashar jirgi. Tanko kuwa ɗan kawuna ne, abokin wasana, sana'arsa amalanke. Shekara bakwai shi da dokinsa Gunya suna kwaso buhunan gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin sikelina, kuma ban taɓa jin buhu ya faɗo masa a hanya ba.

Abin da ya tashe mu shi ne tsere. Masu amalanken doki na wajenmu da 'yan'uwansu na tsallaken iyaka sukan gwada gudu a Maigatari in an gama girbi, wanda ya zo na ɗaya a ba shi rago. Tanko bai taɓa shiga ba sai bana. Ni kuma ya ce in biyo shi don a samu mai alƙalami da zai ba da labarin nasararsa. Na ce masa labarin faɗuwa ma ana rubutawa.

Mun yi kamar mil shida, rana ta fara ɗagawa, sai ga babbar mota daga bayanmu ta danna oda. Kafin Tanko ya motsa hannu, Gunya ya karkata hagu abinsa, a natse, irin na wanda ya san aikinsa. Tanko ya fizgo linzami ya mai da shi dama. Direban ya leƙo yana faɗa, bai tsaya ba.

Na ce, “Tanko, dokinka bai ji sanarwa ba ne?”

“Ba shi da rediyo, Akawu. Ka saya masa.”

“Ba da wasa nake ba.”

“Ai ga ni a kansa. Linzami a hannuna yake.”

Muka yi dariya muka wuce, ni ma ban sake tuna zancen ba. Sha ɗaya saura kwata muka isa Gumel, mil goma sha bakwai ke nan. A bakin gari akwai ɗan sanda ƙarƙashin inuwa, ba abin da yake tambaya, kowa ya zo sai ya nuna masa allo ya ce, “Dama, Malam, dama.” Muka sauka a gidan wata gwaggonmu. Ta dama mana fura da nonon da ko cokali sai ya tsaya a ciki, Gunya ya samu harawa dami biyu a kan sule. Tanko ya wuni yana shafa wa ƙarfen tayoyi mai.

Laraba: Gumel zuwa Maigatari

Da safe na ɗaga ƙafa zan hau, Tanko ya tare ni da bulala. Wai nauyina ya kai buhu biyu, kuma ba zai gajiyar da doki ana gobe tsere ba. Wallahi na ji haushi, don duk danginmu babu siriri kamata. Ya tafi shida da rabi, ni kuwa na zauna a tasha har ƙarfe tara kafin motar 'yan kasuwa ta cika. Sule biyu aka karɓa, aka dasa ni tsakanin buhun barkono da wani Bafillace mai sanda. Mil goma sha huɗu na yi ina atishawa yana yi mini sannu.

A bakin Maigatari 'yan kwastan suka leƙa motar, suka ga barkono ne, suka ja da baya da sauri. Na tarar da Tanko a zangon masu amalanke, bayan kara, wato inda ake cinikin shanu. Nan na fara ganin Musa, mutumin Dungas ta cikin Nijar. Dogo ne mai fara'a, amalankensa shuɗi, shi kuma sharet yake ce masa irin na mutanen can. A gefen mazauninsa ya ɗaure wata oda ta tagulla mai bakin roba, in ya matsa sai ka rantse babbar mota ce. Kowa ya gani sai ya ce masa mushe, wato malam da Faransanci, har da Gunya.

Bayan la'asar shugaban masu amalanke, wani dattijo da ake kira Baba Maikeke, ya tara su ya faɗi doka. Ba a dukan dokin wani. Ba a taɓa tayar wani. Wanda kuwa ya tare wa ɗan'uwansa hanya da gangan, an cire shi daga layi shekara guda: ba mai ba shi lodi a Maigatari, ko Gumel, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, don bakinsu ɗaya ne. Na dubi Tanko. Mutum tara yake ciyarwa da amalanken nan, ga kakar gyaɗa yanzu ta kama. Shi ko a jikinsa, yana can yana cin ƙosai.

Alhamis: tseren

Ranar kasuwa ce, gari ya cika har ba wurin sa ƙafa. Na ci gasasshen naman taro uku, na sayi wa maiɗakina turare, na ƙi sayen agogon da mai shi ya ce daga Faransa ya zo alhali ba ya tafiya. Ƙarfe huɗu da rabi aka jera amalanke shida a fili, yamma da gari. Mil guda za a yi, daga wata kuka zuwa rijiyar makiyaya. Baba Maikeke da dattawa biyu suka hau saman wata babbar mota don su ga komai, ni ma na lallaɓa na bi su da sunan marubuci.

Aka saki farin ƙyalle. Jama'a, ashe Gunya yana da gudu. Shekara bakwai ina ganinsa yana jan gyaɗa kai a sunkuye, ban san abin da ke cikinsa ba. Kafin rabin hanya ya ba kowa rata, Tanko a tsaye kan amalanke, hularsa ta tafi. Na manta da ni akawu ne, na dinga ihu ina dukan rufin motar mutane.

Sai ga shuɗin sharet yana matsowa. Musa ya zo dab da bayan Tanko, ya ɗauki hagu zai wuce, ya matsa odarsa sau uku. Gunya ya karkata hagu, daidai gabansa. Taya ta sarƙe da taya, muka ji ƙarar itace tun daga inda muke. Sharet ya kife, Musa ya mirgina cikin yashi, dawakin biyu suka tsaya suna huci. Wani Habu na Sule Tankarkar, wanda tun farko ba a lissafa da shi ba, ya zo ya wuce su a hankali ya ɗauki rago.

Allah ya kiyaye, Musa gwiwar hannu kawai ya kuje, amma tayarsa ta hagu da ta dama ba su ƙara zama daidai ba. Ya tashi yana kakkaɓe riga, fara'ar nan duk ta tafi. Ya ce a gaban kowa Tanko ya tare shi da gangan. Baba Maikeke ya ce gobe da hantsi a zauna. Da magariba aka kawo mana tuwo, Tanko ya sa hannu sau ɗaya ya ture. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya bar tuwo ba, sai tausayinsa ya kama ni.

Juma'a: zaman shari'a a gindin tsamiya

Ƙarfe takwas aka shimfiɗa tabarmi. Musa ya fara magana, kuma gaskiya bai ƙara gishiri ba.

“Baba, na yi oda sau uku kamar yadda kowa ke yi. Na bi hagu, don ta hagu ake wucewa, can wajenmu tun fil azal, nan ma yanzu haka ne. Da ya ga zan ci, sai ya rufe ni.”

Tanko ya ce bai ja linzami ba, idonsa na kan rijiya. Aka kira shaidu uku, duka suka ce sun ga amalankensa ya yanko hagu. Baba Maikeke ya gyara zama, na ga alamar hukunci ya zo bakinsa. Sai a lokacin motar ranar Talata ta faɗo mini a rai. Na miƙe na ce ina da magana.

“Kai wane ne?”

“Ɗan gwaggonsa ne, Baba.”

“To zauna. Shaidar ɗan'uwa ba ta shiga nan.”

“Ba shaidata za a ji ba. A tambayi dokin.”

Aka yi dariya, har wani ya ce boko ya taɓa ni. Na roƙi a ɗaura Gunya, Tanko ya koma gefe, Baba da kansa ya hau ya saki linzami, Musa kuma ya biyo a baya da odarsa. Dattijon ya tattare rigarsa ya hau.

Gunya ya kama tafiya a tsakiyar hanya. Musa ya matsa oda. Doki ya koma hagu, ya ma rage sauri don mota ta wuce. Aka sake, ya sake. A na uku Baba ya rungume hannuwansa a ƙirji don kowa ya gani, Gunya ya bi hagu abinsa. Wurin ya kece da dariya, Musa har da zama a ƙasa. Na yi bayani cewa shekara bakwai dokin nan yana kauce wa motocin gyaɗa ta hagu, mutane aka yi wa sanarwa, shi ba wanda ya gaya masa.

Baba Maikeke bai yi dariya ba. Ya sauko ya tsaya gaban Tanko.

“Ka san yana haka?”

Ni kaɗai na ga abin da ya faru a hanya, kuma an riga an ce shaidata ba ta shiga. Da ya ce bai sani ba, da shi ke nan. Tanko ya sunkuyar da kai.

“Na sani, Baba. Kullum ina fizgo shi. Na ce zan koya masa in aiki ya yi sauƙi, ban yi ba.”

“Jiya sharet ne, ya kife mutum ya tashi. Gobe in motar gyaɗa ce fa? Wa zai kai wa iyalinka labari?”

Sannan Baba ya yanke: babu ganganci, don haka ba a cire Tanko daga layi ba. Amma akwai sakaci. Shi zai kai tayar Musa wurin maƙeri, kuma ba shi ba tsere sai ya kawo Gunya gaban dattawa an ga yana bin dama. Oda kuma daga yau an hana ta a filin tsere. Tanko ya durƙusa ya yi godiya. Musa ya kwance odar daga sharet ya miƙa masa.

“Mushe, riƙe. Da ita ya ɓata, da ita zai gyaru. Baɗi ka dawo mini da ita, in cinye ka da hujja.”

Juma'a da Asabar: komawa gida

Bayan an sauko daga masallaci, ƙarfe uku, muka kama hanya. Wannan karon ba a ce na yi nauyi ba, don an samar mini aiki. Aka zaunar da ni a ƙarshen amalanke ina kallon baya, duk bayan 'yan taku in matsa oda, Tanko ya ja dama yana cewa, “Dama, Gunya, dama.” Mata masu tallar nono suka dinga watsewa cikin gonaki, su waiwayo su ga ba mota, su bi mu da baƙar magana. Kafin mu shiga Gumel da magariba tafin hannuna ya yi kanta. Gwaggo ta ji labari ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara wa Tanko tuwo, ya cinye nasa ya taɓa nawa.

Asabar ƙarfe shida muka tashi. A mil na biyar Gunya yana nan kan bakansa. A na goma ya fara tsayawa yana shawara, kunne ɗaya gaba ɗaya baya. Da muka hango rumfunan tasha, wajen sha ɗaya da rabi, na sauka ina tafiya a ƙasa don ƙafata ta sage. Sai ga motar gyaɗa ta gaske daga baya, ta danna oda.

Gunya ya ɗaga kai, ya yi jim, ya koma dama. Tanko ya rantse mini ko taɓa linzami bai yi ba. Ni ban gani da kyau ba, domin a lokacin na riga na daka tsalle na tsallaka hagu, ta gaban motar, na faɗa cikin ƙarangiya. Direba ya taka birki ya leƙo.

“Haba Malam, da girmanka. Dama ake bi yanzu.”

Tanko ya kwanta kan amalanke yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa. Da ya samu kansa ya miƙo hannu ya ce, “Kawo odar nan, Akawu. Doki ya gama, gobe da asuba kai ne.”

Sha biyu daidai muka shiga gida, iyalin Tanko suka fito tarye, ba rago amma ga sana'a a hannu. Ranar Litinin buhu takwas ya sauke a bakin sikelina. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa gwaggo da furarta, da Baba Maikeke da ya yarda ya hau amalanke, da Musa mutumin Dungas. Maiɗakina kuma ta wuni tana cire mini ƙarangiya daga riga, ita ma na gode mata, ko da yake ba ta daina dariya ba.