Gwankin da na tayar daga kwance

Ranakun aiki da yawa sun wuce ni kamar ruwa a kwando, amma ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar watan Oktoba ba, ranar da na ɓata wa wani dattijo shafinsa na shekara talatin. Tun da na zo hutu Madarumfa ba a bar ni na sha ruwa ba: "Zuwaira, wai da gaske harbi kike yi a Amurka?" Da gaske ne. To ga labarin sau ɗaya, kowa ya karanta, kada a sake tare ni a hanyar tabki. Shi ne kuma labarin da nake fara ba duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi.

Ni ɗiyar maharbi ce. Tun kafin a haife ni Baba yake shiga dajin Baban Rafi da bindigarsa ta toka. Amma ban ɗauki komai a wurinsa ba. In ya zauna ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida yana labarin daji, sai in kwashi littattafaina in wuce, wai ni 'yar kolej.

Bayan aure na bi mijina Sanusi, wanda ke tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a can. Na samu aiki a wata babbar gona cikin duwatsu, inda ake saukar baƙi masu zuwa farauta. Ga yadda tsarin yake: a sama akwai patron, mai gonar. Ƙarƙashinsa babban jagora, wanda duk harbin da za a yi sai da izininsa. Sai mataimakansa uku. Can ƙasa kuma mu 'yan ɗakin nama, masu fiɗa da yayyanka da jerawa a firgo, na'urar sanyi. Nama iri uku ake harbi. Akwai barewa. Akwai aladun daji, masu tone gonaki, waɗanda ake harbi duk shekara don ɓarnarsu. Sai babbar dabbar da suke kira elk, mai ƙaho rassa-rassa kamar busasshiyar bishiya, wadda ta kai bijimin sa girma. Ni gwanki nake ce mata, don shi na sani.

Babban jagoran sunansa Wolta, amma ni Dattijo nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Dogo ne, marar yawan magana, gwiwarsa ɗaya ta lalace. Wata rana aka kawo mini barewar da wani baƙo ya ɗirka wa harsashi uku, duk a cinya. Na ɗaga ta na ce, da Turancina na lokacin mai kama da tuwon da bai nuna ba, "Wannan harbi ne ko sassabe?" Ashe baƙon na tsaye a bayana. Dattijo ya ja ni gefe, na ɗauka kora ce. Sai ya ce, "Tunda bakinki ya iya harbi, zo mu gani ko hannunki ya iya."

Shekara biyu yana koya mini. Na yi ajin ƙa'idojin bindiga, na ci jarrabawa, na samu permi, takardar izinin harbi. Muka fara da harbin allo, sannan aladu. Na faɗa masa tun farko zan harbe su amma ba zan taɓa su ba, ya ce ba komai, ya sa wani yana ɗauka. Daga nan barewa. Biyu na harba, duk biyun suka faɗi nan take, na sheƙa da wuƙata na yanka kafin rai ya fita. Ya gani bai ce komai ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Ku riƙe wannan, nan ɓarnar ta fara.

A ofishin gonar akwai wani babban littafi. Kowane jagora da shafinsa. Duk dabbar da aka harba a gabansa sai a rubuta rana da wuri, a ƙarshen layi kuma kalma ɗaya cikin biyu: an samu, ko an rasa. An rasa na nufin an ji wa dabba ciwo ta tsere ta mutu a banza. A wannan sana'a babu abin kunya kamarsa. Shafin Dattijo shekara talatin babu "an rasa" ko ɗaya. Baƙi har hoton shafin suke ɗauka. Kuma shekarar ita ce ta ƙarshe gare shi, zai ajiye aiki saboda gwiwa.

Da gurbin mataimaki ya samu, Dattijo ya kai sunana. Ƙa'ida ita ce sai mutum ya harbi gwanki ɗaya a gaban babban jagora. Ina tsaye patron ya ce, "Hannunta yana da kyau, amma ba ta da haƙuri. Ko shayi ba ta bari ya huce."

Dattijo ya ce, "A rubuta ta a shafina."

Patron ya dube shi ya ce, "Ka tabbata? Saura maka mako uku fa."

"Na tabbata."

Ni kuwa tuni na cika baki. Gidajen 'yan ƙasarmu huɗu ne a garin da muke, na gaya wa kowa ya share firgonsa, naman gwanki na halal yana tafe, yankan hannuna.

Ranar Talatar muka fita da sassafe, mu biyu. Wajen ƙarfe bakwai da rabi muka hange shi a bakin wani kwari, namiji, yana kiwo, tururi na fita daga hancinsa saboda sanyi. Tsakaninmu kamar taku ɗari biyu. Dattijo ya raɗa mini, "Bari ya juyo gefe sosai." Na bari, amma ban bari ya gama ba. Na yi bisimilla na ja kunama daidai lokacin da ya ɗaga ƙafa. Maimakon bayan kafaɗa, harsashin ya shige baya kaɗan. Gwankin ya ƙanƙame jiki, ya yi doro, ya taka a hankali ya shige cikin wasu ƙananan itatuwa.

Muka lallaɓa zuwa inda ya tsaya. Dattijo ya durƙusa da ƙyar, ya shafo jinin da yatsa ya nuna mini. Ga wanda bai sani ba: jini mai haske da kumfa na huhu ne, dabbar ba za ta yi nisa ba. Jini baƙi-baƙi na hanta ne, mutuwa tabbas amma a hankali. Namu baƙi ne. Ya ɗaura jan ƙyalle a reshe don alama, ya ja ni baya, ya buɗe 'yar kujerarsa mai naɗewa da yake yawo da ita.

"Hanta ce. Yana kwance can cikin itatuwan, bai fi taku ɗari ba. In muka ƙyale shi, nan za mu same shi. Awa huɗu. Zauna."

"Awa huɗu? Zai mutu fa!"

"Abin da muke jira ke nan."

Ni abin da ya faɗo mini daban ne. In ya mutu ban sa masa wuƙa ba, ai mushe ne. Me zan kai wa mutanen da na sa suka share firgo? In ci amanarsu in ce na yanka? Duk wannan yana tafasa a cikina, amma ban buɗe baki na faɗa wa Dattijo ba. Na raya a raina, me wannan bawan Allah ya sani game da yanka? Da na tambaya, da ko Sanusi na kira, da wani ya tsayar da ni.

Bayan kamar minti ashirin ya ce zai hau tudu ya kira gona a rediyo su kawo mota, don a kwarin ba a ji. Ya nuna kujerar ya ce, "Zu, kada ki tashi daga nan." Yana ɓacewa na zare wuƙa. Bindigar ma na bar ta jingine, don a ganina aikinta ya ƙare.

Na same shi kuwa, daidai inda aka ce. Yana kwance, kansa a ƙasa. Saura taku goma na taka busasshen reshe. Ya ɗago ya dube ni. Har yau ina ganin idon nan. Sai ya miƙe, dabbar da na ɗauka ta gama, ya ruga kamar ba abin da ya same shi, ya gangara kwarin, ya tsallake rafi, ya haure wayar iyaka ya faɗa gonar maƙwabci. Na tsaya da wuƙa a hannu kamar mahaucin da aka kwashe wa kasuwa.

Dattijo ya sauko yana ɗingishi. Ya dubi gurbin da dabbar ta kwanta, jini ya taru kamar an zubar da ƙwarya. Ya dubi wuƙar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Me ya sa?"

Sai a lokacin na yi masa bayanin yanka da mushe. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Shekara biyu muna tare. Da kin gaya mini, da mun nemi wanda ya san addininku mun tambaya tun kafin yau."

Doka ba ta yarda a bi dabba cikin gonar wani ba sai da izininsa. Maƙwabcin ya tafi gari, ba a same shi ba sai bayan azahar. Kafin mu haura, ruwa ya sauko ya wanke sawun. Muka yi Talata, muka yi Laraba, mu shida a jere muna tsefe daji. Na ce wa Dattijo ya zauna a mota saboda gwiwarsa, ya ce dabbar a shafinsa take. Ranar Alhamis da hantsi hankaki suka nuna mana shi, a cikin wani rami, nisan da ya fi daga Madarumfa zuwa tsallaken tabki. Ya kumbura, namun daji sun ci rabi. Duk wannan tafiyar da hudajjiyar hanta ya yi ta, saboda ni. Ko loma ɗaya ba ta ciwu ba.

Da muka koma ofis na riga shi zuwa wurin littafin. Na ce wa patron a buɗe mini shafi ko na wucin gadi ne a rubuta a kaina, ni na saɓa umarni. Patron ya yarda ma. Dattijo ya karɓe biron daga hannunsa.

"Ni na ce a sa ta a shafina. Ni kuma na bar ta ita kaɗai."

Ya sa tabarau, ya rubuta rana, ya rubuta wuri, ya rubuta "an rasa" da hannunsa. Shi ne layi na biyun ƙarshe a shafin.

Ranar Juma'a na kira gida. Shi Baba, Inna yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na zayyana masa komai, ina jiran ya ce na kyauta da na tsare addinina.

"Inna, kin yi bisimilla da za ki harba?"

"Na yi, Baba."

"To mi ya kai ki gudu? Mu abin da malamanmu suka faɗa muna, ka ambaci Allah ka harba, ka bi abinka. Ka iske shi da rai ka yanka, ka iske ya cika, harbinka ya yanka shi. Amma bin nama ba tsere ba ne. Naman da ya sha harsashi ba shi da magani sai ƙafar maharbi. Ka zamna, ya kwanta. Ka taso, ka ba shi rai na biyu, kuma wanga rai ba naka ba ne, na angulu ne."



Ya ce, "Wanga bature naku maharbi ne. Ki gaishe shi. Shekara nawa ina faɗin maganar ga a ƙofar gida, kina wucewa da littafinki? Sai da kika hau jirgi kika je kika iske ta."

Ya yi dariya, ni kuwa na kashe wayar na yi kukan da ban yi a daji ba.

Ban samu gurbin ba a shekarar, kuma daidai ne. Na koma ɗakin nama. Sai shekarar da ta biyo, a hannun wani jagoran, na ci gwajin. Kafin nan, ranar da aka yi wa Dattijo walimar sallama na ɓuya a kicin, ya biyo ni har can da kujerar nan tasa a hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Bindiga kowa yana da ita. Wannan ce kayan aikin."

Abin da sana'ar nan ta koya mini ke nan. Harbi daƙiƙa ɗaya ne, ko wawa ya iya. Aikin yana cikin zaman da ke biye da shi. Kuma in akwai abin da ke cin ranka game da addininka ko al'adarka, faɗe shi tun a gida, kada ka ɗauke shi a ciki ka shiga daji da mutumin da ya jingina sunansa a kanka. Manyan wannan aiki, na can da na nan, halinsu ɗaya: ba su da yawan magana, kuma ba su ɗora wa na ƙasa laifi ko da nasa ne.

Yanzu kowace safiya ina shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro kusa da Baba. Idonsa ya yi rauni, ya daina shiga daji, wasu labaran ma sun fara kuɓuce masa. Ina tambaya, yana ba ni abin da ya rage. In na koma kuma littafin yana nan a ofis. Baƙi sun daina ɗaukar hoton shafin. Ni kaɗai nake buɗe shi, farkon kowace kakar farauta, in sa sabon ma'aikaci ya karanta layin nan da ƙarfi, sannan in buɗe masa kujerar in ce ya zauna.