Abin da Ka Rubuta a Cikin Murfi, Injiniya

Daga Allah muka fito, kuma can za a tattara mu, mai takarda da marar takarda. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mijin ƙanwata, wanda duk layin masu gyaran rediyo ke kira Injiniya, bayan jinyar wata biyu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da jikoki. Ni ban yi makaranta ba, lamba kawai na iya karantawa, don sana'a ta tilasta mini. Tela maƙwabcin rumfata ne ke riƙe da biro, ina faɗa yana rubutawa, kuma na gaya masa in ya tausasa kalma ɗaya zan sa a karanta mini, zan gane.

Injiniya, mutane sun faɗi alherinka a zaman makoki har bakinsu ya bushe, kuma ba su yi ƙarya ba. Kai mutum ne mai tsabta. Ba ka taɓa cire abu mai kyau daga rediyon wani ka sa masa tsoho ba. Lokacin da ka zo mini kana saurayi, da takardar shaidarka a cikin leda, ba ka iya riƙe ƙarfen dalma ba sai ka ƙona yatsa. Ni na koya maka. Na ba ka rabin teburina, daga baya na ba ka ƙanwata. Kai kuma ka shigo mana da injin wuta, wannan akwatin ƙarfe mai ruwan toka da ke zaune a kan tebur, mai allurai biyu da maɓallin murɗawa, wanda ke karɓar wutar bango ya mayar da ita ƙarama daidai yadda aka saita. Kafin zuwansa da batirin mota muke gwaji. Ka ce kowa na iya amfani da shi, amma ba mai buɗe shi sai kai.

Ban manta ranar da ciwo ya kama matata ba. Kai ka fito da motarka ka kai mu asibiti, ba tare da an roƙe ka ba. Ban kuma manta jaridar da ka shimfiɗa a kan kujera kafin in zauna ba. Ka sayo mini tabarau, ka miƙo mini a gaban jama'a, ka ce, “Yaya, ga shi, ka riƙa ganin lamba da kyau.” Suka yi dariya. Har yau da shi nake gani. Duk fankar da ta mutu, duk tocilar da ka ga ta yi maka ƙanƙanta, sai ka turo mini, ka ce aikin da ya dace da Yaya ne. Da su na ciyar da gidana. Allah ya ba ka ladan da ke ciki.

Wanda bai san abin da ya kai ni gyaran tocila ba, bari in gaya masa. Shekara ashirin da biyu ke nan, shida ga watan Yuni. Ba zan ɓata ranar ba, don ranar aka haifi autata. Wani kamfanin manyan motoci ya kawo mana rediyon oba-oba, irin wanda direbobi ke magana da ofis da shi, aka ce in muka gyara wannan, duk nasu mu za a riƙa kawowa. Kai ka fita. Na saita ƙarfin wutar injin a kan bolt sha biyu, na ga allura ta tsaya da idona, na maƙala jar waya da baƙar waya. Sai ji na yi tas, allura ta daka tsalle zuwa ƙarshe, hayaƙi ya turnuƙe shagon. Ka dawo ka tarar da mutumin kamfani da rabin layi a bakin ƙofa. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka ce, “Laifina ne, da na bar wanda bai san sha biyu daga talatin ba da kayan aiki.” Washegari da safe ka kira su, ka kunna injin, ka murɗa sama ka murɗa ƙasa, allura na bin hannunka. Ka ce, “Ga shi, lafiyarsa ƙalau.”

Kamfani ya ci gaba da kawo maka aiki. Ni na kwashe kayana na koma rumfar ƙarshen layi, bakin kwata. Aka raɗa mini Mai-Hayaƙi. Wannan telan da ke rubutu yanzu, shi ya fara faɗa, kuma ga shi ya sunkuyar da kai, amma zai rubuta. Jikana na cikina ya taɓa tambayata ko sunana na yanka ke nan. Na rantse har na gaji cewa sha biyu na saita, daga baya ni kaina na fara shakkar idona. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Da aka ajiye ka a gabanmu za a yi maka salla, liman ya ce duk wanda ka yi wa laifi ya yafe maka. Na ɗaga murya na ce na yafe. Da zuciya ɗaya na faɗa. Na ɗauka wulaƙancin baki ne kawai tsakaninmu, kuma baki ya riga ya rufe.

Bayan mako biyu ƙanwata ta zo rumfata da babbar 'yarku, malamar makaranta, suna ɗauke da injin. Wanda zai karɓi shagon ya ce ba ya aiki. Ƙanwata ta ce, “Yaya, ka duba mana. Ba wanda ya san shi kamarka.” Na ce ai ni an hana ni buɗe shi. Ta ce, “Haba Yaya, mai hanawar ya tafi.”

Na kunna. Ba a maƙala masa komai ba, allura na nuna sha biyu daram. Na maƙala ƙwan fitilar mota, ta zube zuwa bakwai, tiransifoma na gurnani. Na zare shi daga bango. Noti shida ne, biyu sun yi tsatsa sai da na ɗiga musu mai. Na ɗaga murfin na kife shi a gefe ban duba ba, don hankalina na kan ciki. Na fara sauke wutar da ta rage a babbar kwandensa, mai tara wuta, da ƙwan fitila, kamar yadda na koya maka ranar da ta fizge ka ka zagi iyayen wanda ya ƙera ta. Na shinshina, babu ƙauri. Fis lafiya. Dayod huɗu, masu daidaita wutar bango, na auna ɗaya bayan ɗaya, lafiya. Sai kwandensar: kanta ya kumbura, gindinta ya yi farin gishiri. Ciwon tsufa ne kawai. Na sa wata, na sake narka dalmar da ta tsage a ƙafar maɓallin murɗawa. Aikin rabin awa. Da na juyo ga babbar tiransistar da ke manne da ƙarfen sanyaya, wadda ita ce ke tare wuta ta rage ta, sai na ga dalmarta ba ta kamfani ba ce. Taka ce. Na san hannunka, kullum sai ka bar mata tsini.

Sannan na juya murfin.

Kana da wata ɗabi'a da aka koya muku a makaranta, wadda ka sha yi mini gori da ita: ba ka yar da abin da ka cire. Sai ka liƙa shi da salatif a cikin murfi, ka rubuta kwanan wata da fensir. Abu biyar ne a jere. Na uku tiransista ce. Rubutun ban iya ba, amma lamba na iya, da tabaraunka kuma na karanta: bakwai ga watan shida, shekarar haihuwar autata. Na ɓamɓare ta, na ɗora mita a ƙafafunta. Ta haɗe ko'ina. Irin wannan mutuwar, wuta ce ke wucewa gaba ɗaya, ko nawa mutum ya saita.

Na miƙa wa 'yarka murfin na ce, “Malama, karanta mini.” Ta duba, ta dube ni. Ta ce, “Kawu, bayanin aiki ne kawai.” Na ce na sani, shi nake so. Na aika aka kira tela da mai gyaran agogo, su kaɗai suka rage cikin waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa ran nan. Ƙanwata ta kama gefen rigata ta ce, “Yaya, don girman Allah, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.” Na ce ta sake ni. Yarinyar ta karanta: “Ta haɗe. Bolt talatin da huɗu a waya, ko ina aka murɗa. Na canja da asuba.” Na ce ban ji ba, kunnena ya tsufa. Ta sake karantawa. Mai gyaran agogo ya ce shi ma bai ji da kyau ba, don kurma ne na gaske, ta karanta sau na uku tana kuka. Ban hana ta kuka ba. Hannunta ma na ga irin naka ne.

Ka sani ke nan, Injiniya. Tun kafin ka kira mutane su ga allura na bin hannunka, ka riga ka sani. Ba ka iya yi wa akwatin ƙarfe ƙarya ba, sai ka rubuta masa gaskiya da fensir, ka ɗaure da noti shida, ka ajiye a gabana, don ka tabbata ko na buɗe ba zan karanta ba. Shekara ashirin da biyu muna cin abinci a kwano ɗaya duk lokacin da aka yi taron dangi, kana tura mini tsokar da ta fi girma.

Ƙanwata ta ce ai na riga na yafe a gaban liman, magana ta wuce. Na ce abin da na sani na yafe. Wannan ban san da shi ba, bai shiga ciki ba. Tun ranar ba ta gaishe ni ba, kuma ban aika a tambayi dalili ba.

Injin ya gyaru. Na bar ƙwan fitila a jikinsa wuni guda, allura ba ta motsa daga sha biyu ba. Na mayar musu da shi a buɗe. Murfin yana rumfata, na kafe shi da ƙusa a inda duk mai wucewa zai gani, kuma duk wanda ya iya karatu sai na tsayar da shi.

Allah ya jiƙanka, Injiniya. Allah ya gafarta maka abin da ke tsakaninka da shi, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi. Allah ya ba ƙanwata da 'ya'yanta haƙurin rashi, ya raya jikokinka, ya sa kowa ya kira su da sunayensu na gaskiya. Nawa haƙƙin kuwa ina riƙe da shi tukuna. Na girme ka da shekara tara, ba za ka daɗe kana jirana ba. In na iso, sai ka karanta mini da bakinka.