Bencin Masu Ciwon Ido

Mai ba da kati a asibitin ta fi awa tana kallonsa ta tagarta. Dattijo ne dogo, riga ta sha guga, biro biyu a aljihu. A ranta ta ce wannan malamin makaranta ne. Yana zaune a bencin masu ciwon ido, amma idonsa garau, yana kan ƙofar da ke fuskantarsu, ta sashen masu taɓin hankali. Ƙafarsa sai kaɗawa take yi. Ya cire hula, ya mayar, ya duba agogo, ya sake dubawa. A cinyarsa akwai 'yar jakar mata da ya lulluɓe da jarida. Wataƙila a unguwa cewa ya yi zazzaɓi ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Sai ga wani ya dafa kafaɗarsa. "A'a, maƙwabci, kai ma idon ne?"

"Tsufa ne kawai," in ji dattijon, yana murza ido.

Nas ta leƙo daga waccan ƙofar. "Ina baban yarinyar nan mai shuɗin mayafi? Ta ce ba za ta yi wa likita magana ba sai yana kusa."

Mai ba da kati ta tsayar da bironta. Dattijo ya dubi maƙwabcinsa, ya dubi ƙasa. Can sai ya yaye jaridar, ya miƙe, ya rataya jakar a kafaɗa, kowa yana gani.

"Ni ne," ya ce, har na ƙarshen benci sai da ya ji. "'Yata ce."