Littafin da Ya Cika Tsabta

Wata rana, ana saura mako guda a rufe zangon karatu na biyu, wata malamar Kemistiri ta zauna gaban tulin littattafan ɗalibanta tana duba su ɗaya bayan ɗaya.

Malama Kubura ake ce mata.

In kun yi makarantar gwamnati kun san irinta. Ba ta duka, ba ta zagi. Kallo kawai za ta yi maka ta saman tabarau, ka ji ka fara tuno laifin da ka yi tun kana aji ɗaya.

Shekara goma sha tara tana koyarwa, kuma abin da shekarun suka bar mata shi ne rashin yarda da ɗalibi. Ko kaɗan ba ta yarda.

Kada ku yi saurin ganin laifinta. Ta ga mai rubuta amsa a cinya. Ta ga mai ɗinke takarda a bakin hijabi. Bara ma yara bakwai ta kama sun karɓo tsofaffin littattafan waɗanda suka gama makaranta, sun kwafe tas, har da kuskuren mai littafin.

Shi ya sa ranar farko ta kowane zango take cika allo da dokokinta, ta sa kowa ya karanta da ƙarfi.

Littafin aiki guda ɗaya ne. Da shi za ka shiga ɗakin gwaji, shi kuma za ka miƙa a ƙarshen zango. Da biro ake rubutu, ban da fensir. Ba a yaga shafi. In ka yi kuskure kada ka goge, ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai a gefe.

Maki arba'in cikin ɗari a kan littafin nan suke.

Wanda kuwa aka kama ya kwafi na wani, sifili ne, kuma sunansa zai tafi ofis a cire shi daga ajin kimiyya. Babu roƙo, babu a kira kawu.

To, tana cikin dubawa. Wannan littafin asid ya huda masa gefe. Wancan duk shatin yatsu. Wani kuwa kana buɗe shi warin sinadari zai daki hancinka. Malama Kubura tana gyaɗa kai, don haka take son su.

Sai ta ɗauko na Suwaiba.

Fes!

Fari ƙal, kamar yanzu aka zaro shi daga leda. Rubutu a jere, layi a miƙe, ba tabo, ba ɗigon komai. Daga shafin farko har na ƙarshe babu inda aka ja wa kuskure layi ko sau ɗaya.

Malama ta gyara zaman tabarau.

Ta kai littafin hanci ta sansana. Ƙamshin sabuwar takarda.

Ta duba tawadar. Biro ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Wata uku da biro ɗaya? A makarantar da biro ba ya kwana huɗu a hannun mai shi? Haba jama'a!

Sai ta fara tuno abubuwa.

A mako na huɗu, ita da kanta ta tsaya a kan Suwaiba, ta ga lissafinta ya karkace, ta yi mata rubutu da jan biro a cikin littafi. Ta buɗe shafin mako na huɗu. Babu jan biro.

A mako na shida, wani ruwan sinadari shunayya ya kife a teburin yarinyar, ya ɓata mata hijabi, ya malala kan littafinta. Ajin gaba ɗaya sai da ya yi dariya. Ta buɗe shafin mako na shida. Ko alama.

Ta ma tuna washegarin ranar, Suwaiba ta zo da hijabi fari tas. A lokacin ba ta kawo komai a ranta ba. Yanzu kuwa har hijabin ta fara zargi.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Suwaiba ce fa. Yarinyar nan mai shiru-shiru ta layi na uku, wadda ranar farko da aka ce kowa ya faɗi burinsa ta ce ita harhaɗa magunguna take son karanta. In aka cire ta daga ajin kimiyya, wannan burin ya mutu ke nan.

Amma Malama Kubura ta ce a ranta, masu shirun nan ai su suka fi iya ɓoye abu.

Washegari ta shiga aji da littafin a hannu, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Suwaiba, tashi. Wannan na wa ne?"

"Nawa ne, Malama."

"Ina wanda na yi wa jan biro?"

Malama ta matso kusa da ita.

"Na wa kika kwafa?"

"Wallahi Malama ban kwafi na kowa ba."

"To ina tsohon?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga kan tebur.

Hawaye ba sa motsa Malama Kubura. Ta ga na gaske ta ga na ƙarya, har ta daina wahalar bambance su.

Kwana biyu ta yi tana bincike. Ta jera littafin da na abokiyar zaman Suwaiba, lambobin ba su zo ɗaya ba. Ta buɗe kabad ta zazzago littattafan shekara uku da suka wuce, ta bi su shafi-shafi. Babu wanda ya yi kama da shi.

Kuna tsammanin hankalinta ya kwanta?

Ina! Cewa ta yi, to ashe daga wata makarantar aka samo shi. Yarinyar ta ma fi yadda take zato wayo.

Ta buɗe rajistar maki, ta nemo sunan Suwaiba, ta zana mata sifili ƙato da biro. Ta rubuta takardar da za ta kai ofis. Abu ɗaya ya rage: ƙa'idar makaranta ta ce sai an sanar da uba tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi uban ya iso a kan keke.

Malam Sama'ila sunansa, mai wanki da guga ne a bakin kasuwa. Kaftaninsa ya tsufa, amma ya sha sitati da guga, karin hannun rigar a tsaye kamar a yanka albasa da shi. Ya yi sallama yana ta fara'a.

Malama ta kalli fara'ar nan ta ce a ranta, an fara. Irin masu zuwa da murmushi su ce a rufa asiri.

Bawan Allah kuwa shi duk a zatonsa yabo aka kira shi ya karɓa.

Aka kira Suwaiba ta raɓe a bakin ƙofa. Malama ta tura littafin gabansa.

"Malam, ka san wannan?"

Fuskarsa ta washe. "Ƙwarai kuwa! Ni na sayo shi. Kin ga yadda ya fito ko, ranki ya daɗe?"

"Wannan littafin bai taɓa shiga ɗakin gwajina ba. Ina wanda ta yi aiki a ciki?"

"Wancan ƙazamin? Malama, shekara ashirin da shida ina wanki, ban taɓa mayar wa mutum kayansa da tabo ba. Ta yaya 'yar cikina za ta miƙa wa malamarta tabo?"

"Malam, ai ni tabon nake ba wa maki."



Murmushin ya zube daga fuskarsa. Ya juya ya kalli 'yarsa, ita kuwa kanta na ƙasa.

A hankali ya fara bayani, muryarsa ta yi sanyi.

Ashe wata biyu da rabi bai taɓa buɗe littafin ba. Rannan ya tarar da shi a kan tabarma, ya ɗaga, ya ga ya yi kaca-kaca. Shi bai yi boko ba, bai san me aka rubuta ba, amma datti kam ya san shi tun daga nesa.

Suwaiba ta ce masa, Baba, haka Malama take so.

Ya ce ƙarya ce irin ta yaron da bai son aiki. Wace malama ce za ta ce a kawo mata ƙazanta? Ya sayo sabo, ya zaunar da ita a shago yamma uku a jere, yana guga tana kwafe aikinta, ban da duk inda aka soke. Tsohon kuma ya ɓoye, don ya zargi za ta faki idonsa ta kai shi makaranta.

Kun gani ko? A gida uba yana zarginta da ƙarya, a makaranta malama tana zarginta da sata, ita kuma gaskiya ta faɗa wa kowannensu.

Me ya hana ta magana a aji? Sai ta miƙe gaban mutum sittin ta ce babanta bai iya karatu ba, shi ya sa ta karya doka? Ta zaɓi a kira ta ɓarauniyar amsa da a yi wa mahaifinta dariya.

Jikin Malama Kubura ya ɗan yi sanyi. Na ce ɗan, don halin shekara goma sha tara ba ya fita a zama ɗaya.

Ta ce, labari kowa ya iya. Ina littafin?

Ya ce bai yar ba. Yarinyar tana rubuta Bismillah a saman kowane shafi, ai ba a jefa irin wannan a shara. Yana nan saƙale a rufin shago.

Ta ce ya je ya ɗauko. Suwaiba kuwa ta zauna nan, kada su haɗa baki a hanya. Ta dubi agogo, ta ƙudurta in ya wuce rabin awa, to wani abu ake ƙullawa.

Minti ashirin ya dawo, gumi sharkaf, karin gugar nan duk ya mutu. Ya miƙa mata littafin a naɗe cikin farin ƙyalle, da hannu biyu, yana kawar da kai don kunya.

Ta buɗe.

Mako na shida, ga tabon shunayya ya ratsa shafi biyar.

Mako na huɗu, ga jan bironta, rubutun hannunta: "Sake lissafi." A ƙarƙashinsa yarinyar ta sake sau uku. Na farko layi ɗaya. Na biyu layi ɗaya. Na uku daidai.

Lambobin duk su ne na cikin sabon littafin.

Malama Kubura ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi, alhali ba abin da ya same shi. Kunya ce ta kama ta, irin wadda rabon da ta ji ta har ta manta.

Ta duba littafin a gabansu. Talatin da bakwai. Ta cire biyar, don an miƙa mata littafin da ba shi ne ba, kuma ita doka ba ta da ɗan gida.

Malam Sama'ila ya ce, "Biyar ɗin nan nawa ne, ba nata ba."

Takardar ofis ta koma cikin jaka. Sai rajista. Ga sifili nan ƙato, da biro, gaban sunan Suwaiba. Rajistar nan teburin shugaban makaranta za ta je, kuma duk gyaran da ya gani sai ya tambayi dalili.

Malam Sama'ila ya leƙo. Karatu ne bai iya ba, amma sifili ya gane shi. Ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, akwai dabarar da muke fitar da biro. Ba wanda zai san an taɓa rubuta komai."

"A'a Malam, bar shi. Wannan tabona ne."

Ta ɗauki biro ta ja wa sifilin layi ɗaya, yadda kowa zai iya karanta shi. A gefe ta rubuta talatin da biyu, ta sa hannu.

Washegari ta shiga aji da rajistar a buɗe, ta ɗaga ta sama kamar yadda ta ɗaga littafin rannan. A gaban mutum sittin ɗin da suka ji zargi, ta ce ita ta yi kuskure, ta ba Suwaiba haƙuri. Ba ta ambaci baban ba ko da kalma ɗaya.

Darasi:

Kafin ka yanke wa mai shiru hukunci, ka bincika wa yake karewa da shirun nasa. In kuma zarginka ya tashi a banza, kada ka goge shi a ɓoye. A inda ka zargi mutum, a nan za ka wanke shi.

Iyaye kuma, don Allah in yaro ya ce haka malami ya ce, ku taka ku je ku tambaya kafin ku ce ƙarya yake.

Ku tura wa malamin da kuka sani, ku tura wa uban da ke duba littafin 'ya'yansa. Wataƙila akwai wata Suwaiba da ke tsaye gaban aji a makon nan, ta kasa magana.