Kujerun Ernestine

Shekara talatin da ɗaya Ernestine Gadsden ta yi tana ɗinka fatar kujerun manyan motoci a Detroit, ashirin daga ciki keken ɗinkina na kusa da nata. Doguwar mace ce, ba ta da surutu a bakin aiki. Amma in ɗinkinki ya karkace ko da kaurin gashi ne, sai ta miƙo hannu ta ajiye miki fatar a gefe.

"Sake, ƙanwata," za ta ce. "Mutum ne zai zauna a kai."

Watan da ta yi ritaya ta sayi irin motar da muke yi wa kujeru, doguwa mai ruwan jan giya, sitiyarinta da katako. Ko jikokinta ba sa cin gyaɗa a ciki. In ƙanƙara ta sauka aka watsa gishiri a titi don ta narke, sai ta kulle motar a gareji gudun tsatsa, ta hau bas.

Motar na da shekara ashirin da biyu sai surukinta Lavelle, mijin 'yarta Charmaine, ya sami ƙarin girma a ofis, ya sayo sabon samfurinta, baƙa wul. Ranar Lahadi ya faka ta dab da tata a harabar coci.

"Mama, ga jikar motarki ta zo gaisuwa," ya ce yana dariya. "Wannan da kanta take faka kanta. Taki kuwa sai an share mata rabin unguwa."

"Wanda bai iya tuƙi ba ai dole a yi masa dabara," ta ce.

"Kujerar ma tausa take yi wa mutum."

"Tawa ba ta gajiyar da mutum, balle ya nemi tausa."

Dattawan coci suka yi ta zagaya motocin biyu. Wasu suka ce tsohuwar ta fi kwarjini, wasu suka ce shan manta kaɗai ya isa ya talauta attajiri. Ernestine ko leƙa sabuwar ba ta yi ba.

A watan Yuli muka kama hanyar Alabama taron danginsu, tafiyar awa goma sha biyu, ni da ita a tsohuwar, Lavelle da Charmaine a sabuwar. Da muka tsaya shan mai karo na biyu a Kentucky, Lavelle yana jingine da tasa, ko rabin tanki bai ƙone ba. Charmaine ta riƙo hannun uwarta.

"Mama, don Allah ki shiga tamu, awa ɗaya kawai. Ni zan tuƙa taki, ba zan wuce gudun sittin ba."

Da ƙyar ta ba da makulli. Muka shiga kujerar bayan sabuwar. Gaskiya motar shiru gare ta, ko ƙarar taya ba a ji, sanyi kuma yana fitowa ta cikin kujerar kanta. Lavelle yana ta danne-danne yana bayani, ita kuwa ba shi take saurare ba. Ta sa tabarau, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga matashin kai har ƙasa. Ta cusa hannu ƙarƙashin kujera, inda mai saye ba ya dubawa. Ta daɗe a haka.

"Taɓa nan, Loretta," ta ce mini.

Na taɓa. An mayar da bakin zaren ciki an ɗaure, babu ko ɗaya da ya yi saura.

"Lavelle, motarka ta fi tawa gudu, ta fi ta shiru, ta fi ta tattalin mai," ta ce. "Tawa ta fi taka wurin miƙe ƙafa, fatarta kuma ta fi kauri. Amma wadda ta yi ɗinkin nan ta san aikinta."

"Mama, yau ke ce da yabon motata? Bari in tsaya in rubuta."

"Kalli gabanka, ɗan nan. Mai ɗinkin na yaba."

Da muka dawo Detroit ba ta huta ba sai da ta yi ta buga wa tsofaffin abokan aikinmu waya, har ta gano mai kula da sashen ɗinki yanzu. Marisol Quintero ce, wadda ta zo mana tana 'yar shekara sha tara, Ernestine ta koya mata zura zare. Ta gayyato ta gida, ta soya mata kaza, ta gasa burodin masara. Suka fita gareji, Marisol ta zauna a tsohuwar kujerar tana shafawa, ta ce za ta kawo sababbin ma'aikatanta su gani. Ta kuwa kawo su, su shida, Ernestine ta tsaya da sandarta tana nuna musu kowane kwana.

Bara idonta ya yi rauni, ta daina tuƙi. Lavelle ne yake kai ta coci yanzu, Lahadi ɗaya a tasa, Lahadi ɗaya a tata, kuma har yau ba su gama gardamar ba.