Ƙofar Karafan ɗin Alhaji Buba

Har gobe ba zan manta da ranar da Usta Sabri ya jefar da tef ɗin awo a kan teburin aiki, ya ce ba zai taɓa motar Alhaji Buba ba. Ku da kuka zo warshar nan daga baya kun san Usta da furfura da barkwanci. Ni na san shi tun zuciyarsa na kusa, lokacin da idan ya ce a'a, sai dai kowa ya kashe injinsa ya nemi wurin shan shayi.

Ga wanda bai san sana'ar ba, warsha ita ce gareji a bakin Misirawa, tamu kuma tana bayan Ard al-Liwa, inda hanya ta ɗan buɗe har mota mai jiki za ta iya juyawa. Aikinmu karafan ne, wato mota mai ɗaki a ciki, da gado, da ɗan kicin, da tankin ruwa, da makewayi kamar akwati. Mai koyo ana ce masa sabi. Wanda hannunsa ya faɗa har ake bar masa aiki shi kaɗai ana ce masa sanayi'i. Sai usta a sama, shi kaɗai ke da ikon cewa a yanka jikin mota. Ni a lokacin sanayi'i ne. Karatu ya kawo ni Alƙahira daga Funtuwa, nahawu ya kayar da ni, walda ta tsince ni.

Alhaji Buba ma'aikaci ne a wani ofishin jakadanci, Bafulatanin Gombe, dogo, marar yawan magana. Ya sayi karafan ɗin ne a hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma gida. Ƙarama ce, ta ga jiya ta ga yau, amma ban taɓa ganin mai riƙon mota kamarsa ba. Kafin zafi ya shigo zai kawo ta a duba robar tagogi da gam ɗin rufi, don ranar Masar tana cin su. Mu muka sauya mata batir, muka ɗora mata sola a sama, muka cire tsohon famfon ruwa mai kukan akuya muka sa sabo. Tsatsa ko kamar ƙwayar gero ya gani sai ya kira ni. Larabcinsa na littafi ne, idan ya yi magana sai Usta ya ce ji yake kamar yana zaune a huɗubar Juma'a, don haka ni ne tafinta a tsakaninsu.

Akwai abin da duk Hausawan gari suka sani, amma ba wanda ke faɗa a gaban Alhaji. Ɗansa na fari, Mu'azu, saurayi ne da ya gama jami'a, ya yi hatsarin mota a gida, ƙafafunsa suka daina aiki. An kawo shi Alƙahira aka yi masa aiki a baya, aka ce sauran sai gashin ƙashi, kuma kada a yi fashi. To, zaman tasi a cunkoson garin nan ko mai lafiya yana jin jiki, balle mai ɗinki a gadon baya. Yaron ya jure ya jure, ƙarshe ya ce ya daina zuwa. Likita ya gaya musu ƙarara cewa idan ya ci gaba da kwanciya a gida, ɗan ƙarfin da ya rage masa a hannuwa da ƙugu ma zai tafi, ya koma sai an juya shi.

Bayan ƙaramar Salla sai ga Alhaji da karafan. Ya ce yana so a faɗaɗa ƙofar gefe, a cire matakala a sa gangaren ƙarfe mai naɗewa, a sauke gado ƙasa, a kafa abin riƙewa a bango. Ina ji na gane inda aka dosa. Na fassara wa Usta.

Usta yana da ƙa'ida, kuma har yau ita muke bi. Ba ya yanka bodi sai ya ga wanda zai shiga da idonsa, ya auna shi, ya auna keken guragunsa in yana da shi, ya ga yadda yake ɗaga jiki. Dalilinsa a fili yake. Ƙarfen da ke gefen ƙofa shi ke riƙe da rufi, idan ka yanka sai ka ƙara wani ka yi walda, kuma tsohuwar mota sau ɗaya take jure wannan. In ƙofar ta gaza da faɗin yatsa, an yi asarar mota. Sai ya tambayi Alhaji wa zai shiga.

Alhaji ya kalli taya, ya ce akwai mai larura a gida. Usta ya ce wane ne shi a wurinka. Alhaji ya kau da kai. Usta, da yake mutum ne mai son jan mutane a jiki, sai ya bi ta hanyar da suka saba. A wurinsu babbar girmamawa ita ce a kira mutum da sunan ɗansa na fari, Abu wane, wato uban wane. Ya dafa kafaɗar Alhaji yana murmushi, ya ce shekara da shekaru yana gyara masa mota bai san sunan babban ɗansa ba, ya faɗa masa don ya riƙa kiransa yadda ya dace.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fassara rabi na haɗiye rabi, amma ai Alhaji ya ji. Ya gyara hularsa, ya ce mini, "Malam Isiyaku, ka ce masa zan bar motar. Abin da ya gani ya yi." Ya juya ya tari tasi.

Kafin Alhaji ya yi nisa Usta ya tsare ni, na gaya masa gaskiya cewa ɗansa ne, kuma ga halin da yake ciki. A nan ne ya jefar da tef. A fahimtarsa Alhaji ƙyamar ɗansa yake don ya nakasa, har ba ya iya furta sunansa. Ya ce ya sha ganin irinsu, masu ɓoye marar lafiya a ƙuryar ɗaki don kada a gani, kuma hannunsa ba zai yi wa irin wannan mutum aiki ba. "Khalas, magana ta ƙare, ya Ishaƙ. Ka kira shi ya zo ya ɗauki motarsa."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce a wurinmu, musamman wajen su Alhaji, ɗan fari kunyarsa ake ji. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna damuwa da shi ko da ciki na cin wuta. Na ce ni kaina mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayata, 'yarsa ta fari, ba, alhali ba wadda yake so kamarta. Usta ya dube ni sheƙeƙe, ya ce ina kare ɗan ƙasarmu ne kawai. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba, don ban ga abin da zai sa in yi masa ƙarya ba. Amma ɓacin raina ba zai kai Mu'azu asibiti ba, kuma warshar da za ta iya wannan yankan ba a lalata mota ba, ni dai ban san wata ba.

Ranar Juma'a na sami Alhaji bayan an idar da salla. Ban ce masa Usta ya ƙi ba. Na ce ranka ya daɗe, aikin nan ba ya yiwuwa sai da awo, awo kuma sai an je gida. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ai kai ƙanena ne. Abin da baffa zai yi, ka yi." Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ko na Fulani ya san nauyin wannan maganar. Abin da uba ba zai iya faɗa wa ɗan fari ba, ƙanen uba ke faɗa, kuma shi ke tsayawa a kan al'amarinsa. Ni da ba dangin iya ba na baba, sai ga shi ya ɗora mini wannan.

Na koma na ce wa Usta ba Alhaji ke roƙo ba yanzu, ni ke roƙo, a matsayin baffan yaron. Ya zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba ni zan mayar da motar da kaina. Ya yi ta gunaguni, amma ya sa tef a aljihu.

Gidan yana Giza, a wani tsohon bene da liftarsa ta daɗe da mutuwa. Mun isa da hantsi. Na buga waya na ce za mu hau, Alhaji ya ce mu tsaya a ƙasa, awon keke ya fi kyau a fili. Muna tsaye sai ga mai gadin gidan ya sauko da keken a naɗe. Bayansa muka ji takun mutum a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Alhaji ne, ba babbar riga, ba hula, da Mu'azu goye a bayansa. Saurayi ne cikakke, ya kusa kai uban tsawo. Ya ajiye shi a keke, ya gyara masa ƙafafu a kan matakin, ya ja masa riga ta rufe gwiwa, duk bai dubi fuskarsa ba, bai ce masa uffan ba. Sai ya koma gefe yana haki yana kallon titi, kamar wanda ya zo wucewa.

Mai gadin ya raɗa wa Usta cewa duk zuwa asibitin da aka yi a baya haka aka yi shi. Ya sha cewa zai taimaka, Alhaji bai taɓa yarda wani ya goya shi ba.

Usta ya ciro tef daga aljihu. Ya durƙusa a gaban keken, ya gaishe da Mu'azu kamar ya san shi tun yana yaro, ya fara awo. Faɗin keke da hannuwa a kan taya, tsayin wurin zama daga ƙasa, inda hannun dama ke kaiwa idan ya miƙa, da ɓangaren da ya fi ƙarfi idan zai ɗaga jiki. Ni ina tambaya da Hausa ina tsokanarsa, na ce baffan da aka ba shi makaniki ne, sai ya yi haƙuri da warin man giya. Da ƙyar na samu ya yi murmushi.

A hanyar komawa Usta ya ce, "Ma'alish, ya Ishaƙ." Haƙuri ke nan ya ba ni da harshensu. Daga nan ya ce aikin nawa ne, shi zai tsaya a kaina kawai. Wannan ne karo na farko da ya ba ni injin yanka a kan jikin mota.

Mun tokare rufi da ƙarfe kafin mu taɓa ginshiƙin ƙofa, muka yanka, muka ƙara sabo mai kauri, muka bi walda da fenti don tsatsa. Gadon muka sauke shi daidai tsayin keke, yadda zai zame daga wannan zuwa wancan ba sai an ɗaga shi ba. Muka sauya shokozoba na baya da masu laushi saboda ramukan hanya. Inda muka yi gardama wuri ɗaya ne. Usta ya so ya cire kujerar gaba ya yi wa Mu'azu wuri kusa da direba, uba da ɗa su riƙa hira. Na ce idan ya yi haka, Alhaji zai yi tuƙi wuyansa a sandare, yaron kuma ba zai sake ba. A bar shi a baya. Wannan karon bai yi musu ba, sai dai na ga ya shiga ya zauna a kujerar direba ya daɗe yana waige-waige.

Ranar da suka zo karɓa, na sauke gangaren, Mu'azu ya tura kekensa da kansa ya hau. Ƙofar ta karɓe shi ba ko gogawa. Ya kama ƙarfen bango, ya zame kan gado, ya miƙe bayansa ya lumshe ido. Alhaji yana tsaye a waje, bayansa ga ƙofa, ya ce in tambaya ko gadon ya yi. Mu'azu bai jira na tambaya ba, ya ce, "Baffa Isiyaku, ka ce ya yi. Ka ce kuma gobe zan koma asibiti."

Alhaji ya zagaya ya shiga mazauninsa. A nan ya tarar da abin da bai sa a yi ba, ni ma sai a ranar na lura da shi. Usta ya kafa wani ɗan madubi a sama, ɓangaren hagu, inda ba wanda zai kula, ya karkata shi yadda mai tuƙi zai ga fuskar wanda ke kan gado ba tare da ya juya kai ba. Alhaji ya ɗaga ido. Ya sa hannu ya ɗan gyara shi, ya daɗe a haka bai tayar da mota ba. Ni da Usta muka sami abin yi a bayan warsha.

Na gode wa Allah da ya sa ina wurin a lokacin. Na gode wa Alhaji da ya ba ni matsayin da ban cancanta ba, na kuma gode wa Usta, domin ba kowane mai warsha zai sauka daga kan maganarsa a gaban yaronsa ba. Mu'azu bai sake fashin asibiti ba har suka koma gida, kuma ya tafi yana iya sauka daga gado ya hau kekensa shi kaɗai.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne tef yana ba ku faɗin keke da tsayin gado kaɗai. Idan mai mota ya zo yana kewaye-kewaye, kada ku yi saurin yanke masa hukunci, ku tashi ku je ku ga yadda yake zaune da nasa. Mu a warshar nan saura kaɗan mu mayar da mota, mu bar yaro a kwance, don kawai ubansa ya kasa faɗin sunansa.