Faifan Iyakar Gonar Malam Nomau

Har gobe ban manta da ranar da faifai ya hana ni zama wuri ɗaya ba, ni da nake ganin na gama sanin wannan sana'a. Ku da kuka shigo aikin bidiyo yanzu, abu kaɗan ku tura ta salula, ba ku san wahalar da muka sha da debede, wato faifan DVD, ba. Bari in ba ku labarin guda.

A lokacin ina ɗaukar hoton biki da suna da taron meri, wato ofishin magajin gari, a nan Tasawa. Shagona ƙarami ne, don haka babban ordinater ɗina, wato kwamfuta irin ta tebur, yana gida, a ɗakin da ke kusa da zaure. Can nake haɗa hoto, can nake garabe, wato in ƙona aikin a kan faifai yadda za a iya kallonsa a tele.

Wata shekara bayan girbi, wani manomi mai suna Isufu ya zo daga wani ƙauye na yankin Maijirgi, ya ce mahaifinsa, Malam Nomau, yana son a ɗauke shi hoto yana zagaya iyakar gonakinsa. Tsohon ya ji ƙarfinsa na raguwa, kuma gonarsa ta haɗa iyaka da ta ƙanensa da ya rasu. Ɗan ƙanen nan, Rabe, yana Libiya wajen neman kuɗi. Muka fita da hantsi da shaidu biyu. Tsoho na tafe da sanda yana nuna aguwa, yana nuna gamba, yana faɗin wane ya shuka wannan, wane ya haƙa wancan. Ya ce kada in kashe kamara ko da ya zauna hutawa. Ban kashe ba. Tafiyar ta kusa cin awa uku.

Bayan nan Allah ya yi wa Malam Nomau rasuwa. Rabe ya dawo gida ana cikin bazara, kuma kafin a ce me, rigima ta tashi tsakaninsa da Isufu a kan wata ƴar fadama da ke tsakanin gonakin biyu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa na son ya san inda zai yi shuka. Maigari ya sa ranar Juma'a bayan masallaci a zauna, a kalli hoton a gaban jama'a, kuma a bar faifan a hannunsa.

Isufu da Rabe suka zo gidana ranar Laraba, kowa bisa motonsa, wato babur. Na yi masu bayani cewa faifai na yau da kullum ba zai ɗauki aikin duka ba, sai dai in raba shi biyu.

Rabe ya ce, "A'a, maigida. Isufu ya kawo ka, ban nan aka yi. Duk inda ka yanke, ni nan zan ce an ɓoye magana. Faifai guda nake so, tun daga bisimilla har ƙarshe."

Isufu ya ce, "Ka ji ko? Yi mashi yadda yake so. Ni ba ni da abin ɓoyo."

Akwai hanyar matse hoto ya shiga ƙaramin faifai, na kuwa gwada bayan sun tafi. Da na duba, hoton ya dushe, ba ka bambanta aguwa da sabara daga nesa. A aikin biki wannan ba komai ba ne. A aikin iyaka kuwa, itacen da ba a gane ba shi ne rigimar. Saura hanya ɗaya, faifan da muke kira dubul kush. Shi wannan hawa biyu gare shi a fuska guda, kamar gidan sama. Garaber, na'urar da ke ƙona faifan, takan cika hawan farko, sannan ta ɗaga haskenta ta koma na biyu. Ina da ƴan kaɗan da na sayo a Maraɗi, ban taɓa amfani da su ba.

Na sa na farko da la'asar. Layin da ke nuna ci gaban aiki ya yi ta tafiya lafiya har ya kai tsakiya. Nan ya tsaya. Na'ura ta yi wani gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, sai ta turo faifan waje, allo ya rubuta aiki ya lalace. Shi kuma irin wannan faifan, in ya lalace ya lalace, ba a goge shi.

Na ce wataƙila gudu ne ya yi yawa. Na rage gudun ƙonawa, na rufe duk wani abu da ke buɗe a ordinater, na sa na biyu. Ya kai tsakiya ya mutu, daidai inda ɗan'uwansa ya mutu.

Washegari tun da safe na koma kansa. Na zargi kuran, wato wutar lantarki, domin maƙwabcinmu mai walda ne, in ya kunna injinsa har ƙwan ɗakina yakan yi ja. Na je na roƙe shi ya dakata mani zuwa hantsi, ya dakata, Allah ya saka mashi. Na zargi zafi, na buɗe murfin ordinater, na juya mashi fanka, ni ina ta zuba gumi. Na goge idon na'urar. Na sa na uku. Na kasa zama. In leƙa allo, in fita zaure, in dawo, in je bakin randa in sha ruwan da ba ƙishirwarsa nake ji ba. Matata Barira tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Malam, kai ne ke ƙona faifan ko shi ke ƙona ka?" Daidai lokacin na ji gurnanin nan daga ɗaki.

Na ɗauki faifan uku na jera a hasken taga. A bayan kowanne ana ganin inda wuta ta ci, kuma duka sun cika hawan farko tsaf. Ke nan ba hoton ne ke da matsala ba, ba kuran ba ne, ba zafi ba ne. Wajen hawa na biyu ne abin ke karyewa. Ko dai garaber ɗina ta tsufa ba ta san irin wannan faifan ba, ko faifan ne na banza aka buga masu suna mai kyau. Ba ni da hanyar sanin wanne ne, kuma guda ɗaya ya rage mani.

Ana haka Isufu ya kira. Muryarsa ba daidai ba. Ya ce Rabe ya kai amalanken taki ya zube a fadamar, su kuma ƙannen Isufun sun ce za su je su kwashe. Ya ce, "Na riƙe su da ƙyar, na ce su bari sai Juma'a. Faifan ya samu ko?"

Na ce, "Ana kan aiki. Ka riƙe su."

Ina kashewa na kira Abdu, abokin aikina da ke haɗa shirye-shirye a wani gidan rediyo a Mayahi. Tare muka koyi aiki. Na zayyana mashi komai.

Ya ce, "Bon, a tsakiya yake mutuwa kullum? To kada ka ƙona na huɗun a wannan na'ura, asara ce. Ina da garaber ta waje sabuwa a gida, da ragowar faifai masu kyau da wani ya kawo mani daga Yamai. Ɗauko aikin ka taho."

Na kwafe aikin a diski na waje, na naɗe shi cikin rawani, na cusa a jaka na rataya a ƙirji don kada girgizar hanya ta taɓa shi. Na sha esansi, wato fetur, a motona, na kama hanyar Mayahi da rana tsaka. Duk ramin da na faɗa sai na dafa jakar. Gabas ta yi baƙi, iska na kaɗa ni gefe, ina ta addu'a kada ruwa ya sauko, don in ya sauko a daren nan, gobe da asuba kowa zai fita shuka, ba wanda zai jira a sauko daga masallacin Juma'a.

A gidan Abdu muka yi abin a tsanake, ko da yake ni ba natsuwa gare ni ba. Ya ce mu fara gwada faifaina da ya rage a na'urarsa, mu san gaskiya. Ya kai tsakiya ya mutu. Abdu ya jefa shi gefe ya ce, "Wala, ka gani. Faifanka ne marasa kyau. Wataƙila na'urarka ma lafiyarta lau."

Kafin mu sa nasa, ya tuna mani abin da na sani amma hankalina bai kai ba. Lekter, wato na'urar kallo, idan ta zo sauya hawa takan ɗan daskare kamar ƙiftawar ido. Manhajar ƙona faifan kuma tana barin mutum ya zaɓi inda sauyin zai faɗo. Na ce lalle kada ya faɗo tsakiyar magana. Muka bi hoton muka samu inda Malam Nomau ya zauna gindin aduwa yana shan ruwa, ba ya cewa komai. Nan muka sa. Muka zaɓi gudu mafi ƙanƙanta.

Da layin ya kusa tsakiya na tashi na fita ƙofar gida. Na tsaya ina kallon awaki. Can Abdu ya ƙwala mani kira, "Ya haye!" Muka bar na'ura ta sake karanta faifan duka ta tabbatar, sannan muka kalle shi a tele ɗinsa. Na kwana Mayahi. Ruwa bai sauko ba.

Ranar Juma'a na isa ƙauyen tun kafin masallaci, don in gwada faifan a ainihin lekter da za a yi amfani da ita, ta wani mai shagon kallo. Ta yi jinkiri, sannan ta karanta. Bayan salla aka tayar da gurup, wato injin wuta, aka ɗora tele bisa tebur a ƙofar gidan maigari. Mutane suka cika wurin.

Kafin in kunna na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abu guda da zan faɗa tun yanzu. A tsakiya hoton zai ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ba yanka ba ne, halin faifan ne."

Rabe ya miƙe. "A ina zai tsaya? Faɗa mani kafin ya tsaya."

Na ce, "Inda Baba ya zauna gindin aduwa ya kai kwanon ruwa baki. Ka dubi hannunsa, ka dubi inuwar itacen, kafin da bayan."

Aka kunna. Da muryar tsohon ta fito, wasu mata daga bayan danga suka fara sharar hawaye. Rabe ya matso gaban tele ya tsuguna. Aka zo gindin aduwa, kwano ya kai baki, hoto ya daskare. Sai tsoho ya ci gaba da shan ruwansa, ya sauke kwano ya yi hamdala. Rabe ya ci gaba da kallo.

A hawa na biyu ne aka iso fadamar. Malam Nomau ya dafa wani gawo ya ce daga nan zuwa gamba na ƙanensa ne, aro ya karɓa shekarar da ƙanen ya kwanta ciwo, a mayar wa Rabe in ya dawo. Fadamar kuwa tasa ce, ta wajen mahaifinsu. Sannan ya tsaya ya daɗe yana ba da labarin yadda shi da ƙanen suka sare wurin suna samari, har da ranar da kunama ta harbi ƙanen ya goya shi zuwa gida. Shaidun biyu suka tabbatar. Maigari ya yanke a kan haka. Isufu ya saki gefen gawo, Rabe ya ce zai kwashe takinsa, ko da yake fuskarsa ba ta sake ba, kuma ban ga sun yi musabaha ba a ranar.

Ina naɗe waya sai ga Rabe a kaina. Na ɗauka wani ƙorafin ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Maigida, ka yi mani nawa. Ina ƙarami babana ya rasu. Ban taɓa jin wani ya yi maganarsa haka ba." Na ce zan yi mashi. Sati na zagayowa na sake hawa moto zuwa Mayahi wajen Abdu.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi nake faɗa wa duk wanda ya zo koyo wurina. In abu ya lalace, kada ka yi ta maimaitawa kana fata, dubi inda yake lalacewa, ka canza abu ɗaya ɗaya har ka gane. Ka gwada aikinka a na'urar da za a kalle shi, ba a taka ba. Kuma duk aibin da ka san na'ura za ta nuna, ka riga ta faɗa. Da na yi shiru hoton nan ya daskare a gaban Rabe, da ba rantsuwar da za ta sa ya yarda da sauran. Mutanenmu ba su san hawa biyu na faifai ba, ba su kuma bukatar sani. Mai kamarar suke kallo, su ga ko ya gaya masu gaskiya tun kafin su tambaya.